Gobarar Dajin Tana Nesa da Mu, Shin Hayaƙinta Zai Iya Cutar da Iyalina?

"Assalamu alaikum, Likita. Yau kwana biyar ke nan hayaƙin gobarar daji ya lulluɓe garinmu. Wutar kanta tana can nesa, an ce ta fi kilomita 200 daga inda muke, amma gari ya yi dishi-dishi, rana ma ja take fitowa. Ɗana mai shekara 7 yana da asma, tarinsa ya ƙaru, musamman da dare. Mahaifiyata da ke zaune tare da mu tana da hawan jini da ciwon zuciya, ni kuma ina da juna biyu wata 6. Maigidana ya ce tunda ƙaurin ya ragu ai an wuce wurin, kuma takunkumin yadi da muka ajiye tun lokacin korona ya wadatar. Shin hayaƙin da ya taso daga nesa haka yana da illa? Me ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya bai wa yaro lafiya, Ya ƙara wa Mama sauƙi, ke kuma Ya sauke ki lafiya. In na fahimce ki da kyau, kina son ki san ko hayaƙin da ya sha doguwar tafiya yana da sauran dafi, ko raguwar ƙauri na nufin an tsira, sannan me za ki iya yi da hannunki a cikin gida. Ni likitan cututtukan ƙirji da numfashi ne, kuma ba zan ɓoye miki ba: mutanen da muka fi jin tsoron hayaƙi a kansu, uku daga cikinsu suna gidanki, wato yaro mai asma, dattijuwa mai ciwon zuciya, da mai juna biyu. Don haka kin yi daidai da kika tambaya. Sai dai kada hankalinki ya tashi, domin mafi yawan abin da ke rage illar nan abu ne da ku kanku za ku iya yi tun yau.

Abin da ke cikin hayaƙin

Idan itace da ciyawa da busasshen ganye suka kama wuta a daji, ba su ƙonewa ƙurmus. Abin da bai gama cinyewa ba shi ke tashi sama. A cikinsa akwai tururin ruwa, akwai iskoki masu guba irin su kabon monokzayid da sinadaran benzin da fomaldihayid, sannan akwai ɓurɓushin baƙin gawayi da toka da ɗigon maiƙo. Iskokin nan sun fi haɗari ga wanda ke kusa da wutar, kamar 'yan kwana-kwana da mazauna bakin daji. Ga mai nisa irinku kuwa, babban abokin gaba shi ne ɓurɓushin.

Masana na kiran sa PM2.5, domin faɗin kowace ƙwaya bai wuce mayikiromita 2.5 ba. Mayikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kan mutum kimanin mayikiromita 70 ne, ke nan sai an jera irin waɗannan ƙwayoyin kusan 30 kafin su kai kaurin gashi ɗaya, kuma akasarin na hayaƙin daji ko mayikiromita 1 ba su kai ba. Abu in ya yi ƙanƙanta haka ba ya saurin faɗowa ƙasa. Yakan yi kwanaki, wani lokaci makonni, yana yawo a sama, iska na kai shi duk inda ta nufa.

A shekarar 2023 gobarar daji ta cinye kimanin hekta miliyan 15 a Kanada. Ranar 7 ga Yunin shekarar, hayaƙin dazuzzukan lardin Kebek na ƙasar ya mayar da sararin samaniyar birnin Niyok na Amurka ruwan lemo da tsakar rana, alhali tsakaninsu akwai ɗaruruwan kilomita. Kafin watan ya ƙare, hayaƙin ya tsallake tekun Atlantika ya isa Turai. To kin ga kilomita 200 ba wata tazara ba ce a wurin hayaƙi.

Batun ƙauri kuwa, ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa hanci ba ma'auni ba ne. Sinadaran da ke ba hayaƙi ƙaurinsa sukan lalace a hanya idan rana ta buge su, ɓurɓushin kuma ya ci gaba da tafiyarsa ba wari. Ƙari a kan haka, hanci yana sabo. Wanda ya kwana ya wuni a cikin hayaƙi yakan daina jin sa, sai baƙon da ya shigo ne zai toshe hanci. Hasken rana ma yakan haɗu da iskokin hayaƙin da ya tsufa ya haifar da iskar ozon, wadda ita ma tana ƙona hanyoyin numfashi. Muddin gari na dishi-dishi, rana na fitowa ja, abin yana nan.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. A gobarar Ostireliya ta ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, mutum 33 ne wutar ta kashe kai tsaye. Amma masu bincike sun ƙiyasta cewa hayaƙinta ya yi sanadin mutuwar mutum 417, ya kwantar da fiye da 3,000 a asibiti kan ciwon zuciya da huhu, ya kai masu asma fiye da 1,300 ɗakin agajin gaggawa. A 2015 da dazuzzuka da ƙasar fadama suka yi ta ci a Indunusiya, masu bincike na jami'o'in Harvard da Columbia sun ƙiyasta mutuwar mutum kimanin 100,000 a Indunusiya da Maleshiya da Singafo, ko da yake gwamnatocin ƙasashen sun musanta adadin. Waɗannan mutane ba a ganin su a hotunan gobara. A gadon asibiti ko a ɗakinsu suke cikawa, kuma takardar mutuwarsu bugun zuciya ko ciwon huhu take nunawa.

Yadda yake shiga jiki

Allah Ya yi wa hanyar numfashi masu gadi. Gashin hanci da majina na kama ƙura mai girma, sannan a cikin bututun iska akwai wasu 'yan siraran gashi da ke turo datti sama har a yi kakinsa ko a haɗiye. Ɓurɓushin hayaƙi yana wuce duk waɗannan, ya gangara can ƙasa zuwa 'yan jakunkunan iska na huhu, inda bangon da ya raba iska da jini bai kai kaurin mayikiromita 1 ba. Babban mutum yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a yini, saboda haka ko kaɗan ne a kowace shaƙa, taruwa yake yi.

Da ya sauka, sai sojojin jiki su taso masa, wurin ya kumbura ya yi ja. Ga mai lafiya, abin kan tsaya a yajin ido, ƙaiƙayin maƙogwaro, yoyon hanci, tari da ciwon kai, kuma yawanci sukan wuce idan iska ta gyaru. Ga yaronki lamarin daban ne. Bututun iskar mai asma da ma a tsorace suke, abu kaɗan ke sa su tsuke, su kumbura, su cika da majina. Dalilin ƙaruwar tarinsa da dare kuma biyu ne. Na farko, hanyoyin numfashin mai asma da ma sun fi tsukewa daga tsakar dare zuwa asuba. Na biyu, idan ƙasa ta huce da dare, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa ta danne hayaƙin a daidai inda mutane ke numfashi, musamman a kwari, sai rana ta ɗaga ya fara watsewa. Yara kuma suna shaƙar iska fiye da manya idan aka gwada da nauyin jikinsu, suna guje-guje, suna numfashi ta baki, ga huhun bai gama girma ba.

Amma a gidanki, Mama ce na fi so ki sa wa ido, domin nata ba ya zuwa da hayaniya. Kumburin da ya fara a huhu ba ya tsayawa a can. Sinadaransa na bin jini, su sa jijiyoyi su tsuke, jini ya hau, ya kuma fi saurin yin guda, bugun zuciya ya rikice. Wanda da ma jijiyoyin zuciyarsa sun cushe, wannan ɗan ƙarin kan iya zama sanadin toshewarsu gaba ɗaya, ko shanyewar ɓarin jiki. Na taɓa karɓar wani dattijo a lokacin hayaƙi, 'ya'yansa suka kawo shi wai ƙwannafi ya hana shi barci. Ko tari ɗaya bai yi ba. Yana zaune a bakin gado ya dafa tsakiyar ƙirjinsa da dunƙulallen hannu, gumi na tsattsafowa a goshinsa alhali ɗakin da sanyi. Da muka ɗauki hoton bugun zuciyarsa, jijiya ce ta toshe. Iyalin sun yi kwanaki suna lura da jikokinsa masu tari, babu wanda ya kawo shi a ransa. Irin wannan kan biyo bayan hayaƙin da kwana ɗaya zuwa uku, don haka ko gari ya washe, ki ci gaba da lura da ita.

Ke kuma, mai juna biyu tana shaƙar iska fiye da yadda ta saba, domin numfashin mutum biyu take yi. Bincike ya danganta hayaƙin daji da haihuwar bakwaini da kuma raguwar nauyin jariri. Masana na Jami'ar Stanford sun ƙiyasta cewa tsakanin 2007 da 2012 hayaƙin ya ƙara haihuwar bakwaini kusan 7,000 a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ki fahimci adadin da kyau: an fitar da shi ne daga haihuwa miliyoyi. Ga mace ɗaya, ƙarin haɗarin kaɗan ne, kuma akasarin matan da suka shaƙi hayaƙi suna haihuwa lafiya a kan lokaci. Abin da binciken ke nunawa shi ne kowace rana ta hayaƙi da aka rage tana da amfani.

Game da illar da ke daɗewa, bincike na ci gaba, amma abin da ya fito ya isa a kiyaye. A 2008 hayaƙin gobara ya rufe wata cibiyar binciken birai ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis. 'Yan biran da suka shaƙe shi suna jarirai, da suka tasa aka tarar huhunsu bai kai na sa'o'insu ba, garkuwar jikinsu ma ta sauya. Wani bincike na 2021 a kudancin Kalifoniya ya nuna ɓurɓushin hayaƙin daji na iya kwantar da mutane a asibiti kan ciwon numfashi har ninki 10 fiye da irinsa wanda ba na gobarar daji ba. Idan kuwa wutar ta haɗa da gidaje da motoci, kamar yadda ta cinye garin Paradise na Kalifoniya a 2018, to hayaƙin yakan ɗauko gubar dalma da ta robobi da fenti.

Lissafin da za ki riƙe

Yawan abin da ya shiga jiki ya rataya ne a kan kaurin hayaƙin, tsawon lokacin da aka yi a cikinsa, da ƙarfin numfashin da aka yi. Ba ki da iko a kan wutar, amma kina da iko a kan waɗannan. Mai gudu ko aikin ƙarfi yana jan iska ninki 10 ko fiye a kan wanda ke zaune, kuma ta baki yake ja, inda babu gashin hanci. Saboda haka wasan ƙwallo na awa ɗaya a waje na iya fin wuni guda a ɗaki illa.

Maimakon hanci, ki duba ma'aunin ingancin iska a wayarki, ana samun sa a manhajojin yanayi da shafukan hukumomin muhalli. A ma'aunin Amurka da ake kira AQI, wanda manhajoji da yawa ke bi, 0 zuwa 50 kore ne, iska lafiya. Daga 101 zuwa 150 ruwan lemo ne, a nan mutanen gidanki uku ya kamata su rage fita. Daga 151 ja ne, kowa ma ya kiyaye. Ya haura 200 kuwa, a zauna a ciki sai da larura. Wasu ƙasashen na da nasu lissafin, kamar Kanada da ke amfani da 1 zuwa 10. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 ta ce kada ɓurɓushin ya wuce mayikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin yini, amma a ranakun hayaƙi mai kauri yakan haura 200. Inda babu na'urar awo, ido na taimakawa: ki juya wa rana baya ki dubi wani gini ko tsauni da kika san nisansa. In abin da ke kilomita 8 ya ɓace, masu rauni su rage zirga-zirga. In na kilomita 5 ya ɓace, su zauna a ciki. In ko kilomita 1.5 ba a gani, kowa ya shige. Ki riƙa dubawa sau da yawa a yini, domin hayaƙi na sauyawa daga awa zuwa awa.

Ɗaki ɗaya mai tsabtar iska

In da za ki ɗauki abu ɗaya kacal daga amsar nan, to wannan ne. Shawarar "a zauna a gida" ita kaɗai ba ta isa ba, domin hayaƙi na bin ƙasan ƙofa da gefen taga da duk wata kafa, kuma a gidan da ke da kafofi, bayan wasu sa'o'i iskar ciki kan kusa kamo ta waje. Tsabtace gida gaba ɗaya da wuya, amma ɗaki ɗaya mai yiwuwa ne. Ki zaɓi ɗakin da ya fi ƙarancin tagogi, wanda ba ya kusa da wurin girki, wanda zai ɗauki yaron da Mama da ke ku kwana. Ki rufe tagoginsa, ki cusa tawul mai ɗan laima a ƙasan ƙofa, ki liƙe gefen tagar da ke shigar da iska da salatif ko tsumma. Barci kaɗai awa 8 ne ko fiye, kuma ya faɗo daidai lokacin da hayaƙi ya fi kwanciya. Ke nan wanda ya gyara ɗakin kwana ya kare kashi ɗaya cikin uku na numfashin yini.

Sannan a tace iskar ɗakin. Abin da ya fi aiki shi ne na'urar tace iska mai matatar HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu faɗin mayikiromita 0.3. A ɗakin da aka rufe da kyau, sau da yawa takan rage ɓurɓushin da rabi ko fiye. Ki tabbata girmanta ya dace da ɗakin, ana rubuta hakan a jikin kwalinta. A bar ta tana aiki dare da rana, a ƙara mata ƙarfi idan hayaƙi ya yi kauri, kada a manna ta da bango ko a ɓoye ta bayan labule. Ki riƙa buɗe ta kina duba matatar. Idan farar ta koma ruwan toka mai duhu, a sauya. Na sha nuna wa iyaye irin wannan matatar da ta yi baƙi, domin ganin ta kan gamsar da su fiye da duk bayanina: abin da ke jikinta da huhun ɗansu zai shiga. Ki guji na'urorin da ke fitar da iskar ozon da sunan tsabtace iska, masu asma suna shan wahala da su.

In na'urar ba ta samu ba, akwai wadda ake haɗawa a gida, wadda wasu masana biyu, Corsi da Rosenthal, suka fito da ita a 2020. Ana samun matatun iska guda huɗu masu lambar MERV 13, wato lambar da ke nuna ƙarfin tacewarsu, a tsayar da su su yi akwati, a rufe ƙasan da kwali, a ɗora fanka mai kusurwa huɗu a sama tana hura iska sama, a liƙe duk mahaɗa da salatif. Kibiyar da ke jikin matatun ta kalli cikin akwatin. Ko matata ɗaya aka manna a bayan fanka tana taimakawa. Sharaɗin dai fankar ta kasance mai lafiya, kuma kada a bar ta tana aiki babu kowa a gida. Fanka ita kaɗai ba matata kuwa, juya hayaƙin kawai take yi.

Idan kuna da na'urar sanyaya ɗaki, a sa ta a kan juya iskar ciki, a rufe mashigar iskar waje. Mai sanyayawa da ruwa wadda ke jawo iska daga waje, a kashe ta. A mota ma haka, a ɗaga gilashi a danna maɓallin juya iskar ciki.

Kada kuma a ƙara wani hayaƙin a kan wanda ake gudu. A kwanakin nan a dakatar da turaren wuta, kyandir, maganin sauro na kunnawa, da feshin ƙamshi. A rage suya da gashi. Taba kuwa ko kusa da gidan kada a sha. A bar shara da tsintsiya, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma.

Akwai wani haɗari da dole in ambata. Gobarar daji da tsananin zafi sau da yawa tare suke zuwa, kuma ɗakin da aka rufe ruf yana iya zama tanda. Zafi na iya kashe tsoho mai ciwon zuciya cikin sa'o'i, ya riga hayaƙi. Idan ɗakin ya yi zafin da Mama ke jiri ko ruɗewa, sanyaya ta ya gabaci komai, ko da za a buɗe taga. In akwai wani gini mai sanyi da tataccen iska da za a wuni a ciki, a je. Duk lokacin da ma'auni ya nuna iska ta ɗan gyaru, ki buɗe ko'ina gidan ya sha iska, sannan ki sake rufewa. In kuma hayaƙin ya ƙi tafiya har makonni, kuma kuna da inda za ku sauka a wurin da iskarsa ke da kyau, tafiya da yaron da Mama na ɗan lokaci shawara ce mai kyau.

Maganar takunkumi

Takunkumin yadi an yi shi ne don tare ɗigon yawu, wanda ya ninka ƙwayar hayaƙi girma nesa ba kusa ba. Tare hayaƙi da shi tamkar ɗibar ruwa da rariya ne. Shuɗin nan na asibiti ya ɗan fi shi, amma gefensa a buɗe yake, iska kuwa hanyar da ta fi sauƙi take bi. Jiƙa hankici a ɗaura a hanci ma ba ya tare ɓurɓushin, sanyi kawai yake bayarwa. Illar waɗannan ita ce su sa mutum ya saki jiki ya daɗe a waje yana ganin ya kare kansa.

Wanda ke aiki shi ne N95, ko takwarorinsa FFP2 da KN95 da KF94, masu tace kashi 94 zuwa 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi. Amma duk ingancinsa a mannewa yake. A matse ƙarfen a karan hanci da yatsun hannu biyu, igiya ɗaya a saman kai, ɗaya a ƙeya. Sai a rufe shi da tafin hannu a busa iska da ƙarfi. In an ji tana fita ta gefen kunci, ko tabarau ya yi hazo, bai zauna ba. Gemu yana hana shi mannewa, don haka mai gemu ya san kariyarsa ta ragu, ya rage zama a waje. Takunkumin ba ya tace iskoki masu guba, ɓurɓushi kawai yake tarewa. Ke za ki iya sa shi idan fita ta kama, kamar zuwa awo, ki cire ki huta in kin ji nauyin numfashi. Mama sai an tambayi likitanta, domin yana ƙara wa mai raunin zuciya wahalar jan iska. Na manya ba ya zama a fuskar ɗan shekara 7, sai a nemi na yara, kuma ba a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba takunkumi ko wane iri. Ga yaronki dai, zama a ɗakin nan ya fi kowane takunkumi. Ki yi magana da makarantarsu a hana shi wasan waje, ko ya zauna a gida a ranakun da ma'auni ya yi ja.

Shan ruwa da yawa yana da kyau, yana laushin majina yana rage ƙaiƙayin maƙogwaro, amma ba ya wanke huhu. Madara ma ba ta wankewa, haka surace da shuke-shuken cikin ɗaki. Ido in yana yaji, a wanke da ruwa mai tsabta, kada a murza.

Magani, da lokacin garzayawa asibiti

A nan iyakata take, domin ban ga yaron ba, ban saurari ƙirjin Mama ba, saboda haka ba zan sauya musu magani daga nesa ba. Abin da zan ce shi ne, tarin dare da ya ƙaru alama ce asmar ta fara kufcewa, kuma ya kamata likitansa ya gan shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a jira. In yana da abin shaƙa na kariya da ake amfani da shi kullum, kada a tsallake ko sau ɗaya. Na gaggawa, wato salbutamol wanda yawanci shuɗi ne, ya kasance kusa da shi dare da rana, har a makaranta. Ki duba bai ƙare ba, kwanan watansa bai wuce ba. Yawancin yaran da ake kawo mini wai magani ya daina aiki, in na ce a gwada a gabana, sai in ga feshin a harshe yake tsayawa. Ki nemi bututun robar nan da ake haɗawa da abin shaƙar: a girgiza, a fesa sau ɗaya a ciki, yaro ya ja numfashi a hankali sau biyar, sannan a sake in da buƙata. Ki kuma roƙi likitan ya rubuta miki a takarda abin da za ki yi idan numfashi ya tsananta.

Ki kai shi asibiti nan take idan kika ga fatar tsakanin haƙarƙarinsa ko ramin wuyansa na lotsawa a kowane numfashi, ko ya kasa gama magana sai ya tsaya ya ja iska, ko cikin leɓensa da harshensa sun yi shuɗi ko toka-toka, ko maganin gaggawa bai kai shi awa 4 ba, ko ya yi laushi yana gyangyaɗi. Yaron da ke ta shessheka sai kuma ƙirjin ya yi tsit alhali yana fama, wannan ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina wucewa.

Mama ta ci gaba da shan magungunanta a kan lokaci, a tanadi na aƙalla mako guda, a riƙa auna jininta safe da yamma in akwai na'ura. Nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke bin hannu ko muƙamuƙi ko baya, gumi mai sanyi, haki idan ta kwanta, kumburin ƙafa da ya ƙaru, faɗuwar gaba ba dalili, karkacewar baki ko lauyewar harshe, duk ɗaya daga cikinsu ya isa a tafi ba jiran gari ya waye. Mata da masu ciwon suga sau da yawa ba su jin ciwon ƙirjin sosai, sai dai kasala mai tsanani da tashin zuciya. Ke kuwa, raguwar motsin ciki, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, zubar jini ko ruwa, ko haki kina zaune, su ne naki. Kada ki fasa zuwa awo saboda hayaƙi, ki sa takunkumin kirki ki je, ki kuma shaida musu kwanakin da kika yi a cikinsa.

Idan gari ya washe, toka za ta rage a tsakar gida da tagogi da kan mota. Kada a share ta a bushe ko a hura ta, a yayyafa ruwa a kwashe, mai aikin ya sa N95 da safar hannu. Wannan aikin na maigida ne, ke da yaron da Mama ku nisanci wurin har a gama. A wanke labule da zannuwan gado, a sauya matatar da ta yi baƙi, a ajiye wata sabuwa da 'yan takunkumi domin lokacin gobara na gaba. Idan tarin yaron ya wuce mako biyu bayan iska ta gyaru, a mayar da shi a auna ƙarfin huhunsa.